Baƙar Waya a Jikin Katako

Da safe injin jirgin ruwan ya ƙi tashi, ga fasinja cike da bakin ruwa. Da aka buɗe akwatin batir, sai aka tarar sabuwar cajar da aka ɗaura jiya ta yi ƙafa. An liƙa wata tsohuwa a gurbinta, famfon kwashe ruwa kuma ya shanye batiran tas.

Alhaji mai jirgin, wanda bakinsa ke riga tunaninsa, ya cafke dattijon da ya yi wayarin.

"Shekara talatin ina aikin nan, Alhaji," in ji tsohon. "In aka ce na yi sata, wa zai sake ba ni jirginsa?"

Wata 'yar sanda, Sajan, ta iso, ta tsuguna gaban akwatin. Jar wayar tsohuwar cajar na kan batir daidai. Baƙar kuwa an ɗaure ta a wani noti da ke jikin katakon jirgin.

"Wa ke da makullin akwatin nan?"

"Mai wayarin, da direba, da ƙanena mai yankan tikiti," in ji Alhaji.

Ta sa aka kawo batir mai rai da kwan fitila da waya biyu. Ta riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kunna mata kwan. Tsohon ya ɗora ja da baƙa a kawunan batir, haske ya kawo. Direba ya yi haka, yana mitar fasinjansa. Ƙanin Alhaji ya shigo yana taunar asuwaki, ya ɗora ja a batir, hannunsa ya kai baƙar kan noti. Kwan ya yi shiru.

"Kafin tikiti, me kake yi?" in ji Sajan.

"Gyaran mota, ranki ya daɗe."

"Na gani a hannunka. A mota, ko'ina ka ɗaura baƙar waya a ƙarfen jiki, wuta za ta zaga ta koma batir. Wannan jirgin katako ne. Duk ɗan ruwa ya san sai an kai ta batir. Da ka haɗa daidai, tsohuwar cajar za ta yi aiki, a yi wata guda ba a gane ba. Ina sabuwar?"

Asuwakin ya faɗi. Aka samu sabuwar cajar a ƙarƙashin teburin tikiti, naɗe cikin buhu.

"Yaya, wallahi..."

"Rufe min baki," in ji Alhaji. Kunya ta rufe shi, ya juya ga tsohon. "Baba, ka yafe ni."

Daɗi ya cika tsohon har idonsa ya kawo ruwa. Ya naɗe hannun riga, ya mayar da cajar, ya sa fis mai kare wayoyi daga ƙonewa kusa da batir, aka jona aron wuta. Injin ya yi tari sau biyu, ya kama ruri.

Saura noti ɗaya. Tsohon ya ɗago a gaban fasinja duka.

"Alhaji, tsuguno ka riƙe min sifana."

Alhaji ya tattare babbar riga, ya tsuguna.