Hoton Ƙirjin Wani

Da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda na Fagge, aka ce an tsinci gawa a wata cibiyar ɗaukar hoton ƙirji da ke bayan layin 'yan atamfa. Sufeto Hamzat aka tura.

Mamacin yana kwance rub da ciki a ɗan ɗakin da ake ajiye na'urori. Sunansa Nwabueze, injiniyan da ke kula da layin intanet na cibiyar. Mai wurin, Alhaji Usaid, wanda shi ke ɗaukar hoton da kansa, ya ce wutar lantarki ce ta ja shi.

Sufeto ya duba tafin hannun mamacin, babu ƙuna. A ƙeyarsa kuwa akwai rauni mai zurfi. Da ya ɗaga kai sai ya ga gurbi a jikin kantar ƙarfe, wayoyi suna reto.

"Me aka cire a nan?"

"Wani akwati ne da ya lalace. Tun makon jiya marigayin ya kai shi gyara."

Sufeto ya dubi ƙasa. Kusoshin akwatin suna zube a kan jinin, ba a ƙarƙashinsa ba.

A Sabon Gari ya tarar da matar mamacin, Nkechi, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ta ce ƙaninta Chidiebere ya yi fama da tari, mijinta da kansa ya kai shi wannan cibiya, sakamako ya nuna ƙirjinsa garau. Bai daɗe ba ya mutu, likitocin asibiti suka ce tarin fuka ya riga ya cinye huhun.

"Tun daga ranar maigidana bai ƙara cin abincin kirki ba," in ji ta. "Jiya ya ce mini akwatin ya nuna masa wani abu. Ban gane ba, Yallaɓai."

Wadda ta gane ita ce Kamila, abokiyar aikin marigayin a kamfaninsu na Titin Ibrahim Taiwo. Ta ce cibiyar ba ta da likita a Kano; Legas ake tura hotuna, likita ya duba ya rubuto sakamako. Hoton ƙirji yana da nauyi, layin kuma ba ƙarfi, shi ya sa suka kafa akwati biyu, ɗaya a nan ɗaya a can. Duk abin da ya taɓa wucewa, dukansu suna riƙe da shi. In ya sake zuwa ba a tura shi gaba ɗaya, 'yar alama kawai ake aikawa, na Legas ya fito da nasa. Da haka saƙo ke sauri.

"To ina matsalar?"

"Ƙirjin kowa daban ne, Yallaɓai. Sabon hoto dole ya ɗauki lokaci. Amma wata da watanni hotunan wurin nan suna wucewa kamar ƙiftawar ido. Akwatin ya riga ya san su. Suna ne kawai ke canzawa."

"An ɗauke akwatin."

"Na Legas yana nan," ta ce, ta juyo masa da kwamfutarta, ta nuna masa tsofaffin hotunan da ke ta maimaituwa da sababbin sunaye.

Da la'asar Sufeto ya koma cibiyar. Duk da abin da ya faru, mutane suna zaune a benci suna jira. Ya ce wa Alhaji Usaid shi ma ƙirjinsa na damunsa, tunda ya zo a ɗauke shi hoto. Alhaji ya tsayar da shi gaban na'urar. Fitila ta kama, aka ce ya riƙe numfashi. Can sai ga hoto a allon kwamfuta.

"Lafiyarka ƙalau, Yallaɓai."

Sufeto ya janye wuyan rigarsa, ya nuna tabon ɗinki. "Na taɓa faɗuwa a babur. Akwai ƙarfe a ƙashin kafaɗar nan. Nuna mini shi."

Alhaji Usaid ya dubi allon, ya dubi tabon, ya sulale kan kujera.

Ya ce tun bara na'urar ta mutu, fitila ce kawai ke kamawa. Tsofaffin hotunan masu lafiya yake sa wa sabon suna ya tura, kullum yana cewa wata mai zuwa zai gyara. Da safe Nwabueze ya zo ya ce daga nan hukumar lafiya za shi. Alhaji ya roƙe shi, ya ƙi. Da Nwabueze ya juya baya zai kwance akwatin, sai Alhaji ya buga masa tukunyar kashe gobara a ƙeya. Akwatin yana but ɗin motarsa.

"Mutum nawa ka sallama haka?"

"Ban ƙirga ba."

Aka sa masa ankwa. A bakin ƙofa wata tsohuwa riƙe da ambulan, ba ta lura da hannunsa ba, ta ce Allah ya saka wa Alhaji, an ce ƙirjinta babu komai. Tari ya sarƙe ta har sai da ta dafa bango.

Sufeto ya karɓi ambulan ɗin a hankali.

"Inna, wa ya rako ki?"

"Ni kaɗai na zo."

Ya tare mai adaidaita, ya sa ɗan sanda ɗaya ya kai ta asibiti, sannan ya tura ƙeyar Alhaji Usaid cikin mota.