Hannun Malam Mai Shiru

Tessa ta ɗauko tiren shayin.

Ta bi dangin saurayinta Wei-lun ɗaya bayan ɗaya cikin jar rigar da aka ɗinka mata don wannan rana, kowa ya ɗauki kofinsa yana murmushi. Saura kofi ɗaya, na kakarsa da suke kira Ama. In tsohuwar ta sha, baiko ya tabbata.

Ta durƙusa, kanta a sunkuye.

"Ama, ga shayi..."

Tsohuwar ba ta miƙo hannu ba.

"Ama, gwiwar amaryata fa ba ta ƙarfe ba ce," in ji Wei-lun yana 'yar dariya. "'Yan Amurka ba su iya durƙuso ba, yanzu sai ta kife mana a nan!"

Babu wanda ya taya shi dariya. Ama ta zaro waya daga aljihun rigarta, ta ɗora a kan tiren kusa da kofin.

"Yarinya, wannan ke ce?"

Tessa ta ɗago ido. Hoto ne mai motsi. Ɗakin fiɗa na makarantarsu ta likitanci, fararen riguna, doguwar fitila. Wani ya ɗaga hannun gawa yana kaɗa shi kamar mai gaisuwa, ga ita nan a gefe ta ƙyalƙyale da dariya.

Hannun yana da guntun yatsa ɗaya.

Duk wanda ke ɗakin nan ya san hannun.

Tiren ya kuɓuce mata.

*

Sau biyu Tessa Kao ta nemi gurbin karatun likita a Amurka, sau biyu aka rufe mata ƙofa. Ba don ba ta da ƙwaƙwalwa ba. Kujerun ne kaɗan, 'ya'yan masu hanya kuma da yawa. Sai ta tattara kayanta daga garinsu Toledo ta taho Taiwan, ƙasar marigayiya mahaifiyarta, da guntun Sinancin da ta tsinta a kicin tana yarinya.

A makarantarsu ba a cewa gawa. Malam mai shiru ake cewa. Kuma ɗalibi ba ya taɓa wuƙa sai ya je gidan malaminsa ya gaida iyalansa, ya ji wane ne shi.

Haka ta hau tudu zuwa gonar lemon gidan Pan, iyalan nata malamin, ita da abokan teburin fiɗarta uku. Ama ta baje musu hotunan mijinta, ta ba su labarin yadda almakashin sassabe ya cinye masa yatsa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki. Ana cikin haka jikanta Wei-lun ya shigo da kwando a kafaɗa. Ya ɓare wani ƙaton lemo, ya ɗauki ɓawon ya kifa wa Tessa a ka kamar yadda ake yi wa yara.

"Ga hular likita. Tun yanzu mun yaye ki."

Dariya ta ƙwace mata, irin ta har ƙasa, mai sa hawaye.

Daga baya ya sha faɗa mata: "Dariyar nan ce ta kashe ni, 'yar Amurka. Mu nan mata rufe baki suke yi. Ke kuwa kamar an ɓalle ƙofar dam!"

"To manomin lemo, ka daina ba ni dariya mana."

"Har abada."

Wata huɗu ta yi a kan jikin Malam Pan. Kullum sai ta rusuna masa kafin ta fara. Da zangon ya ƙare ita ta ɗinke masa ƙirji, ɗinki ƙanana kamar za a nuna a gasa. Ta sa masa fararen kaya, ta taya ɗaukar akwatinsa a kafaɗarta. Ranar Ama ta kama hannayenta biyu tana kuka tana godiya.

Amma kafin duk wannan akwai wata rana guda, a makon farko. Wari ya cika mata hanci, kuka na neman kufce mata. Sai Garrett, ɗan ƙasarsu da ke tebur ɗaya da ita, ya faki idon malamai ya ɗaga hannun ya maƙe murya: "Sannunku 'yan mata!" Kukan ya juye ya fito a dariya. Nan take ta buge masa hannu, ta fita ta yi amai.

Wannan ɓangaren ba ya cikin hoton. Kuma ba ta taɓa sanin ya jingina waya a jikin kwanon kayan aiki tana ɗauka ba.

*

Washegarin baikon da ya rushe ta sami Garrett a ɗakin karatu, ya baje littattafan jarrabawar komawa Amurka.

"Kai ka tura mata!"

"Yi a hankali, mutane na karatu."

"Shekara huɗu kana ajiye da shi, Garrett? Kamar maciji a aljihu?"

Ya cire tabarau ya dube ta.

"Tess, ceton ki na yi. Mu fa wucewa muka zo yi. A karɓi takarda a kama hanya. Ke ce kika manta, kika ga gona kika ce aure. Ki ƙare rayuwarki kina auna jinin tsofaffi a ƙauye? Ga ni nan, tun shekarar farko nake bin ki..."

"Hannunka ne a hoton!"

"Safar hannu ce a hoton. Fuska taki ce kaɗai."

Ta ɗaga hannu za ta mare shi, sai ta tsaya tana kallon tafin nata. Ta juya.

Kai tsaye ta wuce wurin malamin da ke kula da ɗaliban waje, ta kai ƙarar Garrett, ta kai ƙarar kanta. Mutumin ya zuba mata shayi, ya yi ajiyar zuciya. Saura wata biyu su gama, in ji shi. In maganar ta fita, iyalai za su daina ba da jikin iyayensu, baƙi kuma za su daina zuwa. A bar ta ta kwanta.

Haka manya suke a ko'ina. A wulaƙanta mamaci, a karya rayayye, su dai kada teburinsu ya girgiza. Garrett zai sa rigar yaye ya koma gida ya riƙa taɓa jikin mutane da wannan hannun, babu mai ce masa uffan.

*

Kwana uku tana hawa tudun ana ce mata Ama ba ta jin daɗi. A na huɗu tsohuwar ta fito da kanta, ta zauna a bakin rumfar da ake tara lemo.

Tessa ta zube a gabanta.

"Ama, ki yafe mini. Tsoro ne, na rantse tsoro ne! Ban taɓa ganin mamaci ba sai shi. Ba shi nake yi wa dariya ba..."

"Na sani."

Tessa ta ɗago.

"Na san ba muguwa ba ce ke. Na ga ɗinkin da kika yi masa. Ni da na shekara hamsin ina ɗinka masa wando ban kai ki ba." Ta goge ido da gefen riga. "Da ya ce zai ba da jikinsa, 'yan'uwansa sun yi wata ba sa yi mini magana. Wai na bari a yayyanka musu ɗan'uwa kamar kifi. Na ce musu yaran nan za su girmama shi fiye da ku. Ni na faɗa, da bakin nan."

"Ama..."

"Wuƙa na yarda da ita, 'yata. Ni na sa hannu. Amma hannun nan shi ya riƙe ni ranar da na binne ɗana. Yanzu in na rufe ido ba na ganinsa yana riƙe da ni, sai yana kaɗawa. Kin ɗauke mini wancan kin ba ni wannan."

"Me zan yi? Ki faɗa mini ko mene ne!"

"Babu. Na yafe miki. Shayinki ne dai ba zai wuce mini maƙogwaro ba."

*

Wei-lun bai gudu ba. Da ma ya gudu, da ta samu wanda za ta tsana.

Ya yi faɗa da mahaifiyarsa, ya yi da baffanninsa. Ya ce ko kowa ya ƙi, zai kai ta ofis a ɗaura musu aure su biyu. Yana zuwa ɗaukar ta a babur daga asibiti kamar kullum, yana kawo mata taliya da romo. Sai dai tun ranar nan bai ƙara tsokanar ta ba. Ita ma ba ta ƙara ce masa manomin lemo ba. Suna magana a hankali, kamar masu jinya.

Ranar da ta gama jarrabawar ƙarshe ya kai ta bakin teku, inda suka saba zama a kan duwatsu. Ya fito da lemo daga jaka.

"Masoyiyata, mun ƙi su ci mu. Ko ba haka ba?"

"Haka ne..."

Ya ɓare shi a tsanake. Ya ɗaga ɓawon ya kifa mata a ka. Ya yi mata yawa, ya zamo ya rufe mata ido ɗaya.

"Likita Kao," ya ce da muryar manyan baƙi, "an yaye ki karo na biyu."

Ta ji ta taho daga can ƙasan ciki, tsohuwar dariyar nan. Ta fara fita.

Sai ta ga fuskarsa.

Ƙiftawa ɗaya ce kawai, ya kau da kai gefen teku, muƙamuƙinsa ya ɗaure. Kafin ta ankara hannunta ya riga ya kai bakinta ya toshe.

Suka zauna a haka, ruwa na dukan duwatsu.

"Ka ji ta," ta ce ta cikin yatsunta.

"A'a, Tessa, ba..."

"Kada ka yi mini ƙarya, Wei-lun. Me ka gani?"

Hawaye suka zubo masa.

"Shi ya raine ni," ya ce. "Da hannun nan ya koya mini riƙe almakashi. Sau ɗaya na kalli hoton nan, sau ɗaya tak! Ina son ki, na rantse ina son ki kamar raina. Ki ba ni lokaci, zai wuce..."

"In bai wuce ba fa? In haifa maka yara su tashi a gidan da uwarsu ke tsoron dariya?"

"Sai mu zauna a haka! Na yarda!"

"Ni ban yarda ba, abin ƙaunata. Dariyar nan ce abin da ka so a wurina."

Ta cire ɓawon daga kanta ta ɗora masa a cinya. Ya riƙo hannunta, ta bar masa na ɗan lokaci, sannan ta zare.

Kafin ta bar ƙasar ta je ɗakin da makaranta ke ajiye tokar malamai masu shiru bayan an ƙona jikinsu bisa al'adar ƙasar. Ta tsaya a gaban sunan Malam Pan ta rusuna, ta daɗe ba ta ɗago ba.

A jirgi wani yaro da ke kujerar gaba ya leƙo yana yi mata gwalo, yana murguɗa baki, yana jira. Uwarsa ta janye shi ta ba ta haƙuri.

"Ba komai," in ji Tessa.

Hannunta na kan bakinta.