Laifin da Bai Yi Ba Tukuna

Bayan la'asar Raihanatu na zaune a tsakar gidanta a Jega Firchin, ita da Gwaggo Gudiya, ƙanwar babanta. Sun jingina waya da kwanon sha suna kallon fim ɗin rayuwar wani mawaƙi. Matarsa ta sha wuya da shi, da ya yi suna sai ya bar ta a tasha da goyo. Waƙar da matar ta rera a tashar nan ce ta sa Raihanatu kuka har da shessheƙa.

Nan take ta tuna da nata auren. Mijinta Waliyyu albasa yake sayarwa, amma yana waƙa a gidajen biki, kuma shekaranjiya ya tafi situdiyo ɗaukar waƙa a Birnin Kebbi.

"Kin gani ko, ɗiyata?" in ji Gwaggo. "Dut mawaƙa haka suke! Kira shi mu ji."

Ta kira sau bakwai, wayar a kashe.

"Wallahi Gwaggo, network ne..."

"Network ɗin mi? Tashi ki haɗa kayanki tun da mutuncinki!"

Kafin magariba suna Sabiyal, gidan mahaifinta Malam Gado. Kwana uku Raihanatu ba ta iya cin tuwo. Da ta rufe ido sai ta ga tashar nan, amma ita ce da goyon.

Waliyyu ya dawo ya tarar da ƙofa a kulle. Ya bi sawu har Sabiyal, Gwaggo ta tare shi a zaure.

"Ba ta fitowa! Koma wurin 'yan amshinka."

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya juya. Washegari ya dawo, rana ta uku ma haka.

Malam Gado, da ya zuba ido yana jiran a faɗa masa dalili, ya gaji ya tara su.

"Raihanatu, mi yay yi maki?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba... bai yi ba tukuna."

"Bai yi ba tukuna? To laifin wa kike wa yaji?"

Gwaggo ta buɗe baki, Malam ya ɗaga mata hannu. Sai Raihanatu ta ba da labarin fim ɗin da kiran da ta yi sau bakwai.

Waliyyu ya ce a hankali, "Cikin situdiyo kashe waya ake yi, Baba, na yi kuskure da ban gaya mata ba." Ya dubi matarsa. "Raihana, mutumin can awa uku kika kalle shi, kika gaskata. Ni wata takwas kina kallona safe da yamma. Wa kika fi sani?"

Ta fashe da kuka. "Ka yafe min, tsoro ne ya ci ni."

"Ɗauko mayafinki, mu kama hanya da sauran rana," in ji Waliyyu.

A bana Waliyyu ya yi waƙar sunan ɗansu na fari, Gwaggo ce kan gaba wajen guɗa. Haƙurinsa ya riƙe auren da zargi ya so ya tsinka. 'Yan'uwa, a kalli fim a yi kuka in ya kama, amma kada a yanke wa na gida hukunci da laifin na cikin waya.