Ruwan da Raƙiya Ta Watsa a Rariya

Dab da magaribar wata Laraba, cikin zafin Afrilu irin na Tawa, Raƙiya ta shiga ɗakin ɗanta Rashidu don ta ɗauko bokitinta. So take ta tari ruwa kafin famfo ya ɗauke.

Kwana tara ke nan bokitin yana ƙarƙashin teburin Rashidu. Ubansa ne ya aiko masa da kwamfutar wasa daga Abijan, ƙatuwa, mai shuɗiyar fitila a ciki. Wasan harbi yake yi da abokansa na Maraɗi da Yamai, kuma kullum kukansa ɗaya: hoto yana cijewa, ana harbe shi kafin ya juya. Shi ne ya ƙure wa furosesa gudu, wato ƙwaƙwalwar na'urar, fiye da inda maƙeranta suka tsayar. Gudu ya ƙaru, zafi ma ya ƙaru, fanka ta kasa. Sai ya haɗa tiyo biyu da ɗan inji, ruwan randa yana zagawa ta kan furosesa yana komawa bokiti.

Ya taɓa nuna mata wata lamba a kusurwar gilashin kwamfutar. "Inna, zafinta ke nan. In ta kai ɗari, an gama."

Tun ranar ba ta daina kallon lambar nan ba.

Rashidu ya tafi masallaci ya bar abin a kunne. Bokiti yana tururi. Raƙiya ta mayar da tiyo cikin wata roba mai ruwan sanyi, ta kinkimi bokitin zuwa bayan ɗaki. Ita ce fa mai yi wa kowa faɗa kada a zuba ruwan zafi a ƙasa ba bismilla, balle da magariba. Amma ta jiyo ƙaurin tuwonta yana kamawa, hankalinta ya rabu. Ta watsa ruwan a bakin rariya, bakinta a rufe.

Wani abu ya tsala ƙara. Siririya, kamar ta jinjiri.

Sai shiru. Ko awakin maƙwabta sun bar kuka. Warin babbakakken gashi ya taso daga rariyar.

"Bismillahi," ta ce, bayan ruwa ya riga ya tafi.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta yi salla. Kafin a kira lisha ta kai wa Rashidu tuwo.

Yana zaune gaban gilashi, amma ba wasa yake yi ba. Yatsunsa sun ƙame a kan maɓallai. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Rashidu? Kai, Rashidu, mi ya same ka?"

Ta taɓa goshinsa, ta janye hannu. Kamar murfin tukunya. Lamba tana cewa tamanin da biyu.

Sannan ta lura ruwa ba ya motsi a cikin roba.

Ta sunkuya.

Wata mace ce zaune a ƙarƙashin teburin, inda ko akuya ba za ta shiga ba. Doguwa, ta naɗe kamar igiya. Hannu ɗaya yana rungume da wani abu cikin baƙin zane, abin yana numfashi sama-sama. Ɗaya hannun ya matse tiyo da yatsu biyu.

"Wa ya zuba?" Muryar kamar ana hura garwashi.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri..."

"Shekara arba'in muna bakin rariyarku. Uwar mijinki ko ruwan ɗumi za ta zuba, sai ta yi bismilla mun kauce. Ɗiyana na kwana. Ba a ce muna komi ba."

Tamanin da tara.

Raƙiya ta fizge waya daga bango. Kuran, wato wutar lantarki, ya yanke, amma fanka ba ta tsaya ba. Gilashi bai mutu ba.

Matar ta yi murmushi. "Ɗanki ya iya tilasta wa ƙarfe gudun da ba nashi ba. To bari in ga tashi iyakar."

Ƙirjin Rashidu yana bugawa har rigarsa tana rawa. Leɓensa ya tsage.

Tasa'in da huɗu.

"Inna," ya ce da ƙyar. "Ruwa."

Tasa'in da shida.

Raƙiya ta durƙusa. Ayar da ta sani duk ta gudu daga kanta. Ta miƙa hannun dama ƙarƙashin tebur.

"Ba shi ba ne. Yana masallaci. Ni ce, ga hannun da ya zuba."

Matar ta dube ta. Idanun ba sa ƙiftawa.

"In kin janye, shi zan ɗauka."

Ta saki tiyo a kan hannun.

Ruwan ya fito yana tafasa. Raƙiya ta ciji mayafinta. Ta ji warin fatarta. Ta kafe ido a kan lamba.

Tasa'in da takwas.

Tasa'in da takwas.

Tamanin.

Fanka ta tsaya. Ɗaki ya yi duhu. Daga nesa ladan ya ɗaga murya, kuma ƙarƙashin tebur babu kowa sai robar ruwa.

Rashidu ya yi kwana uku a kwance. Ranar da ya tashi, ya mayar da furosesa gudunta na asali, ya cire tiyo ya jefar. Hannun Raƙiya ya warke, amma fatar ta yi fari har wuyan hannu, kuma duk magariba sai ya ɗau zafi, ko da a randa ta tsoma shi. Yanzu ko ruwan sanyi za ta zubar, sai ta tsaya bakin rariya ta yi bismilla da ƙarfi, ta jira kaɗan.

Wata rana Agali, abokin Rashidu, ya zo. Yana son ya ƙure wa tasa kwamfutar gudu shi ma.

"Kai da ka gwada, gudun nawa ya ƙaru?"

"Hoto shida a daƙiƙa," in ji Rashidu. "Ko ido bai gani."

"To yana da amfani ko babu?"

Daidai nan Raƙiya ta shigo ta aje masu ruwa da hannun hagu. Na daman yana naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, tsumman yana tururi.