Salkunan da Darcy Ya Zaɓa

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Col ne ya daka tsawar, bindiga a hannu. Tsoho Merv, mai ramin zinaren, ya zube gaban rumfarsa. Lachie ya faɗa ciki, ya fito rungume da gwangwanin zinare. Darcy yana mota, inji a kunne. Shi matuƙin jirgin sama ne, kuma shi ya jawo Lachie, ƙanen matarsa Bree, cikin harkar.

Ba wanda ya lura da matar Merv a bayan tankin ruwa.

Tau! Lachie ya dafe cinya.

"Wayyo! Tsohuwar nan ta harbe ni!"

"Shiga mota, ragon banza! Darcy, taka!"

A busasshen tafki suka ɓoye ƙaramin jirgin da za su gudu da shi. Man tankinsa ba zai kai su arewa, inda suka nufa, ba, sai suka ajiye ƙari cikin salkunan roba masu naɗewa, a ƙarƙashin fiffike. Tun daga nesa warin fetur ya tare su. Salkunan sun saɓe, jan yashin ya jiƙe sharkaf. Ɗaya kaɗai ta tsira.

"Meye wannan?" Col ya shaƙo wuyan rigar Darcy.

"Rana ce, oga."

Ba rana kaɗai ba ce. Mai shago ya nuna masa na gaske, masu kauri, waɗanda aka yi don man jirgi, ya ce sai an yi oda an bar suna. Darcy ya ji tsoron barin sunansa. Ya zagaya shagon kayan zango ya sayo na ruwa, bai gaya wa kowa ba. Fetur ya cinye bakinsu.

A can rumfar, 'yar sanda Saja Noelene Pryor ta riga ta iso. Ta duƙa kan jinin da ke ƙasa.

"A ina kika same shi, Mama?"

"A cinya." Matar Merv ce ta amsa. "Yaro ne fa, Noelene. Ku same shi da wuri."

Saja ta bi sawun taya.

Darcy ya juye salkar da ta rage a tanki. Col ya dubi Lachie, wanda ke kwance yana nishi.

"Mai ya yi kaɗan. A rage nauyi."

Lachie ya ce, "Haba oga, zinaren ma na..."

"Kai zan rage, ɗan samari."

Darcy ya san nauyin mutum ɗaya ba shi zai hana su isa ba. Man ne ba zai kai ba ko ta yaya. Ya buɗe baki. Ya ga bakin bindiga. Ya rufe.

"Yaya Darcy!" Lachie ya kamo ƙafar wandonsa. "Me za ka ce wa Bree?"

"'Yan sanda na hanya. Za su kai ka asibiti."

Ya zare ƙafarsa. Da suka tashi bai leƙa ƙasa ba.

Ba su yi rabin hanya ba allurar mai ta kwanta. Inji ya yi tari — ya sake — ya ɗauke ɗif!

"Kunna shi, shege!"

"Da me?"

Darcy ya jawo rediyon sadarwa na jirgin, ya faɗi inda Lachie yake, ya maimaita. Col ya sauke masa gindin bindiga a kai. Jini na rufe masa ido ya dire jirgin kan hanyar shanu. Taya ta fashe — jirgin ya kifa! Col ya fita da gwangwanin, yana ɗingishi. Makiyayan wata gona suka riske shi kafin yamma, harshe a waje don ƙishi.

Saja Pryor ta isa tafkin a makare. Lachie ya ja jiki har inuwar motar, a nan jininsa ya ƙare, ya mutu.

Merv ya karɓi zinarensa. Matarsa ba ta ƙara kwana a rumfar ba. Col ya sha ɗauri mai tsawo, Darcy ya bi bayansa.

Sau ɗaya Bree ta je gidan yari. Ba ta zauna ba.

"Abu ɗaya na zo ji. Da ka ɗauki ƙanena, da jirgin ya tashi?"

Darcy ya gaya mata gaskiya.

"Da ya tashi."

Ta gyaɗa kai, ta ce wa gandiroba ya buɗe mata ƙofa.