Littafin da Inno ta Gani a Tabarma

Muhsina na tsakar gidansu a Ƙaura Namoda tana tsintar shinkafa, littattafanta na jami'a baje a tabarma, sai ga Inno, mahaifiyar Faruku wanda zai aure ta. Caraf idonta ya sauka kan wani littafi mai hoton gicciye.

"Innalillahi! Minene wanga?"

"Furojet ɗina ne, Inno. A kan zamanin Annabi Isa, alaihissalam, nake bincike."

Ko ruwa Inno ba ta sha ba. Kafin la'asar gari ya ɗauka, wai Muhsina ta shiga coci!

Ƙawaye suka ɗauke ƙafa. A Islamiyya in ta zauna, sai a matsa. Faruku ya kira daga shagonsa na Shinkafi.

"Ƙone takardun nan mu huta, don Allah."

"In na ƙone, ai na amsa ƙazafin ke nan."

Daga ranar Inno ta hana shi kira. Wata uku cur Muhsina na rubutu ita kaɗai, ta duba waya, ta kife, ta share hawaye. Kaɗaici ya ci yarinyar nan, har wuyanta ya fito.

Ranar wata Laraba Alhaji Malami, uban Faruku, ya zo karɓar kayan sa rana, a fasa auren. Dattijo ne da 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Kurya Madaro.

"Kafin in ɗauka, karanta mani abin da ya jawo wanga rikici."

Ta buɗe furojet ɗinta ta fara: "A ƙasar Galili, 'yan fashi na ɓuya a kogunan duwatsu suna tare hanya. Manomi ya yi noma, masu ƙarfi su kwashe. Da yawa suka bar gonakin iyayensu. Cikin irin waɗannan talakawa Annabi Isa ya tashi..."

"Tsaya!" Alhaji ya goge ido da bakin rawani. "Ashe Annabin Allah cikin irinmu ya rayu? Ɗiyata, mun zalunce ki."

Bai taɓa kayan ba. Washegari Inno ta zo da kanta, kai a sunkuye. Kiran Faruku ya shigo, sau uku Muhsina na kallo kafin ta ɗaga.

Jama'a, mu daina yanke wa mutum hukunci kafin mu saurare shi. Haƙurin Muhsina ya dawo mata da Faruku, amma wata ukun nan ba mai mayar mata da su.