Magini da Ruwan Alwala

A wani zamani, a wani gari mai ƙarancin ruwa, wani tsohon magini ya gina wa mutane masallacin ƙasa. Da ya gama, sai ya haƙa 'yar kwata daga wurin alwala zuwa gindin wani dashen ceɗiya, don kada ruwan ya tafi a banza.

Mutane suka ce, "Baba, ka huta. Ba za ka sha inuwarta ba."

Ya ce, "Ku dai ku yi alwala."

Kullum yana share kwatar, kullum amsarsa ke nan. Ceɗiya ta girma, masallaci ya yi sanyi.

Ranar da tsohon ya rasu, rana ta ƙwalle. A inuwar ceɗiyar nan aka sallace shi.